Mudu Biyu a Gida Ɗaya: Inda Addinai Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san ɗan awon da ke ajiye kwano biyu. Idan manomi ya kawo gero, sai ya fito da wanda aka bubbuga gindinsa ya turo waje, ya cika shi da tozo, ya kuma tare gefe da hannu kada ƙwaya ta zube. Idan mai cefane ya zo da yamma, sai ya zaro ɗayan daga ƙarƙashin buhu, wanda gindinsa ya lotsa ciki, ya share masa baki. Ragin bai wuce cikin tafin hannu a kowace tiya ba. Amma buhu tiya 40 ne, mota kuma ba buhu ɗaya take ɗauka ba.

Suratul Muɗaffifina da wannan mutumin ta buɗe: azaba ta tabbata ga masu tauye awo, waɗanda idan za su karɓa daga mutane sai su cika, idan kuma za su auna musu sai su rage. Attaura ma ta san shi. A Maimaitawar Shari'a 25:13-15 an hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, babba da ƙarami, an kuma hana shi ajiye mudu iri biyu a gidansa. A lura, babu nassin da ya faɗi girman da mudu zai kasance. Kowane gari da nasa, tiyar Kano daban, mudun wani wuri daban. Laifin yana cikin zamansu biyu: ɗaya na kanka, ɗaya na wani.

Mai neman abin da addinan duniya suka yi tarayya a kai, daga nan ya kamata ya fara. Akwai masu zaƙewa su ce addinai duk ɗaya ne, hanyoyi ne kawai zuwa gida guda. Maganar da daɗin ji, amma babu limami ko fasto mai riƙe da littafinsa da zai sa mata hannu, kuma da gaskiyarsu. Akwai kuma masu cewa babu abin da ya haɗa mu da kowa, su kuwa littattafan da kansu sun ƙaryata su. Tarayyar tana nan, sai dai ƙunci gare ta, kuma kusan dukkanta a fagen mu'amala take.

Ƙa'idar da kowa ya faɗa da bakinsa

A ƙasar Sin, wani almajirin malamin hikima Konfushiyas (551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa) ya tambaye shi ko akwai kalma guda da mutum zai riƙe tsawon rayuwarsa. Ya ce akwai, ya fassara ta da cewa abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. A Talmud na Yahudawa, wani da ba Bayahude ba ya zo wa malami Hilel da ƙure, ya ce a koya masa Attaura gaba ɗaya yana tsaye da ƙafa ɗaya. Hilel ya ce masa abin da kake ƙi kada ka yi wa ɗan'uwanka, Attaura ke nan, saura sharhi ne, je ka ka koya. A Linjilar Matiyu 7:12 an juya ta zuwa umarni: duk abin da kuke so mutane su yi muku, ku yi musu. Mabiya Buda suna da baiti biyu a littafinsu Dhammapada, na 129 da 130, masu cewa kowa na tsoron sanda, kowa na tsoron mutuwa, saboda haka ka kwatanta wani da kanka, kada ka kashe, kada ka sa a kashe. Namu kuwa duk ɗan Islamiyya ya haddace shi, hadisi na 13 a Arba'una: imanin ɗayanku ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa.

Masu tara waɗannan maganganu a allo ɗaya sukan tsaya nan, su ce ai ga shi, duk ɗaya. Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da amfani a aikace. Sigar hani, irin ta Konfushiyas da Hilel, tana da iyaka bayyananniya. Alƙali zai iya hukunci da ita, mutum kuma zai iya cika ta yana zaune a ƙofar gidansa bai cuci kowa ba, bai kuma taimaki kowa ba. Sigar umarni ba ta da rufi: ita ce ke tayar da mutum ya kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, ita ce kuma kan rikiɗe ta zama shisshigi idan babu hankali. Hadisin ya gangara ƙasa da aiki, ya kama zuciya, domin "so" ya ce. Mutum na iya cika maka mudu yana hassadar gonarka, a ma'aunin hadisin bai isa ba tukuna.

Bayan wannan ƙa'ida akwai hani huɗu da ke maimaituwa kusan ko'ina: kisa, sata, ƙarya, da lalata. Suna cikin Dokoki Goma a Fitowa sura ta 20. Ayoyi na 151 zuwa 153 na Suratul An'am sun jero kisan rai, alfasha, cin dukiyar maraya, tauye mudu da sikeli, da rashin adalci a magana. Alkawura biyar na mabiyin Buda su ne huɗun nan, sai barin kayan maye. Ba Turawa ne suka fara lura da haka ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya lissafa larurori biyar da shari'a ta zo ta kare, wato addini, rai, hankali, zuriya da dukiya, ya ce ba zai yiwu wata milla ta rasa hana keta su ba. Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya maimaita cewa ana kiyaye su a kowace milla. Ɗalibin usulu da ke jin maganar tarayyar addinai baƙuwa ce, ya koma littafinsa.

Hukunci ɗaya, dalili daban

Wahalar tana farawa ne idan aka tambayi dalili. Musulmi zai ce Allah ya girmama 'yan Adam (Isra'i, aya ta 70), ya halicce su daga namiji da mace, ya sanya su dangogi da ƙabilu don su san juna (Hujurati, aya ta 13). Kirista da Bayahude za su kawo Farawa 1:27, cewa an halicci mutum cikin siffar Allah, lafazin da Musulmi da yawa za su yi taka-tsantsan da shi. Mabiyin Buda ba ya maganar Mahalicci sam, hujjarsa ita ce duk mai rai yana jin zafi. Wani ɓangare na Hindu zai ce ran da ke cikinka da wanda ke cikin wancan a haƙiƙa abu guda ne. Menshiyas, magajin tunanin Konfushiyas a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, bai je ko'ina da nisa ba. Ya ce a ɗauka mutum ya hango yaro yana rarrafe zai faɗa rijiya. Gabansa zai faɗi nan take, ba don yana neman shiga wurin iyayen yaron ba, ba don a yabe shi a gari ba. Wannan faɗuwar gaban ita ce tsiron tausayi, kuma kowa da ita aka haife shi. Malamin tauhidi zai ji ƙamshin fiɗira a nan, amma Menshiyas ba fiɗira yake nufi da ma'anarta ta Musulunci ba, kuma rashin adalci ne a cusa masa ita a baki.

Wannan bambancin dalili shi ke yanke irin takardar da za a iya rubutawa tare. A 1993, Majalisar Addinan Duniya ta zauna a Shikago, shekara 100 bayan zamanta na farko a 1893, ta amince da sanarwar ɗa'a ta bai ɗaya wadda malamin Katolika Hans Küng ya tsara. Ginshiƙanta huɗu hanin nan huɗu ne aka sake wa riga: mutunta rai, adalci a tattalin arziki, gaskiya, da daidaito tsakanin maza da mata. A 2018 aka ƙara na biyar a Toronto, kula da muhalli. Don mabiya Buda su iya sa hannu, ba a gina takardar a kan sunan Allah ba. Abin da aka biya ke nan, kuma ga mai tauhidi ba ƙaramin farashi ba ne.

Wasiƙar da malaman Musulunci 138 suka aika wa shugabannin Kirista a ranar 13 ga Oktoba 2007 ta bi wata hanyar. Ta ɗauki sunanta daga Ali Imrana aya ta 64, "kalma mai daidaitawa tsakaninmu da ku", ta zo shekara ɗaya bayan jawabin Fafaroma Benedict na 16 a Regensburg wanda ya fusata Musulmi, kuma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar yana cikin waɗanda suka sa hannu. Da yake addini biyu kawai ta dosa, ta iya tsayawa kan son Allah Ɗaya da son maƙwabci, da ayoyi daga ɓangarorin biyu. Ga mai shirya irin wannan aiki, lissafin a fili yake: duk addinin da aka ƙara a tabarma, sai an ƙara wa miyar ruwa. Biyun nan ma ba kaɗan ba ne. A ƙididdigar cibiyar Pew ta shekarar 2020, Kiristoci sun kai biliyan 2.3, Musulmi biliyan 2, wato fiye da rabin mutanen duniya.

Inda abin ke lalacewa

Ɗan awon nan mai kwano biyu bai musanta ƙa'idar ba. Idan ƙaninsa ya zo saye, da babban kwanon zai auna masa. Abin da ya yi shi ne rage yawan waɗanda ƙa'idar ta shafa. Kusan duk ɓarnar da aka yi da sunan addini haka take: ba a soke "kada ka kashe", ana dai taƙaita wane ne mutum. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda wani masanin Attaura ya yi wa Annabi Isa a Linjilar Luka sura ta 10: wane ne maƙwabcina? Amsar da aka ba shi labarin Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka raunata ne, mutumin da Yahudawan lokacin ba sa ga maciji da jama'arsa.

Kowane addini yana da nassin da ke faɗaɗa da'irar, kuma aikin malami shi ne ya san inda yake. A Attaura, Littafin Firistoci 19:18 ya ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, a aya ta 34 kuma ya maimaita lafazin a kan baƙon da ke zaune a ƙasar. Hadisin nan na Arba'una, wanda Anas ya ruwaito, ya zo a ruwayar Muslim da "ɗan'uwansa, ko ya ce maƙwabcinsa". Wani hadisin a Muslim, daga Abdullahi ɗan Amr, ya ce mutum ya yi wa mutane abin da yake so a yi masa, kalmar kuwa "mutane" ce, ba a ware kowa ba. Shi wannan Abdullahin, da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya yi ta maimaitawa ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Da aka wuce da gawar Bayahude Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Ma'ida aya ta 8 kuma ta rufe ƙofar uzuri: kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci.

Matsala ta biyu a cikin ƙa'idar kanta take. Kant, masanin falsafa na Jamus, ya nuna a 1785 cewa mai laifi zai iya riƙe ta ya ce wa alƙali: kai ma ba ka so a ɗaure ka. Haka mai son giya zai iya cewa ya so wa baƙonsa Musulmi abin da yake so wa kansa. Maganin shi ne a ɗaga ta hawa ɗaya. Abin da kake so shi ne a karrama ka da abin da ya halatta a wurinka, a kuma yi maka hukunci da dokar da ake yi wa kowa.

Ta uku ita ce mai zafi, kuma tarukan zaman lafiya sukan kauce mata. Mai da'awa da mai bishara duk da ƙa'idar nan suke aiki. Kowanne yana so wa maƙwabcinsa tsira kamar yadda yake so wa kansa. Ba za a ce su bari ba, domin umarni ne a littafin kowannensu. Abin da za a iya aunawa da mudu ɗaya shi ne hanya. Idan ba ka yarda a ja ɗanka da abinci, ko kuɗin makaranta, ko gadon asibiti ba, kai ma ba za ka ja ɗan wani da su ba. A 2011 Majalisar Cocin Duniya da Fadar Vatican da ƙawancen Ikklisiyoyin bishara na duniya sun fitar da takarda tare da ta yi tir da amfani da talaucin mutane wajen juya su. Irin wannan yarjejeniya ta fi ɗari ta "duk ɗaya muke" amfani.

Wanda kuma ya ce zai narkar da aƙidu ya ƙera sabuwa, tarihi ya riga ya gwada masa. Sarki Akbar na Indiya ya gina zauren muhawara a Fatehpur Sikri a 1575, daga baya ya buɗe shi ga Hindu, Jain, Majusawa da limaman Katolika. Muhawarar ta koma zage-zage, aka dakatar. Tafarkin da ya ƙirƙiro wajen 1582 bai wuce wasu 'yan fadawa ba, bai kuma yi nisa ba bayan rasuwarsa a 1605. A gwada da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a gaban Najjashi na Habasha. Rayuwar masu hijira tana hannun sarkin Kirista, aka tambaye shi me suke cewa game da Isa. Bai lanƙwasa ba, ya ce bawan Allah ne, manzonsa, ruhinsa, kalmarsa da ya jefa wa Maryam. Ya karanta abin da ya haɗa, ya faɗi abin da ya raba, aka kuma ba su mafaka.

Kalmomi ma suna da tarko, musamman a Hausa, inda Musulmi da Kirista ke amfani da kalmomi iri ɗaya. Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun fassarar 1932, "Allah" yake cewa. Annabi, Almasihu, zunubi, gafara, ceto, duk na kowa ne a baki, amma abin da Kirista ke nufi da zunubi ya haɗa da gadon faɗuwar Adamu, abin da Musulmi bai yarda da shi ba. Mutum biyu za su iya gyaɗa kai awa guda, kowa na jin an yarda da shi, alhali ba magana ɗaya suke ba. Malamin Musulmi Biruni, wanda ya koyi Sanskrit, harshen littattafan Hindu, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya bayyana tun farko cewa rahoto yake kawowa ba raddi ba, zai faɗi maganar Hindu yadda suke faɗarta. Har yau babu hanyar da ta fi wannan.

Yadda ake zaman karatu tare

Akwai tsarin da malaman Yahudawa, Kirista da Musulmi suka raya a jami'o'in Amurka da Ingila tun shekarun 1990, na zama a karanta nassosi gefe da gefe. Yana aiki a unguwa idan aka kiyaye wasu abubuwa.

Mutum takwas zuwa goma sun isa, rabi da rabi. Idan suka haura sha biyu, zama ya koma wa'azi, masu baki biyu su cinye lokacin. Kada a haɗa babban shehi da ƙaramin mai wa'azin coci, ko bishop da ɗalibi, domin wanda ya ji an fi shi zai koma kare kai. A zaɓi batu ɗaya na mu'amala: awo, bashi, maraya, baƙo, hakkin maƙwabci, shaidar zur. Triniti (aƙidar Uku-Cikin-Ɗaya ta Kirista), gicciye da annabci ba na zaman farko ba ne, ba na biyar ba ma. Kowane ɓangare shi zai zaɓo nassinsa, aya biyar zuwa goma. Da zarar wani ya zo da ayar littafin abokin zamansa a aljihu don ya ƙure shi, taron ya mutu.

Minti 90 ya wadatar. A ba kowane nassi rabin awa: a karanta da ƙarfi, mai shi ya yi bayanin minti biyar kan inda ya sauka da yadda malamansa suka fahimce shi, sauran lokacin tambaya ce. Tambaya halal ce, ko mai tsauri, amma fassara ta mai littafi ce. Ana cewa "a wurinmu", ba a cewa "ku ai kun ce". Bishop Krister Stendahl na Stockholm ya ba da ƙa'ida a 1985 da ta dace a rubuta a bango: ka tambayi mabiya addini game da shi, ba maƙiyansa ba, kuma kada ka gwada mafi kyawun naka da mafi munin nasu. Wannan ma maganar kwano biyu ce. Mai kawo kyakkyawar aya daga littafinsa ya ajiye ta kusa da mugun aikin wasu mabiya ɗaya addinin, tauye awo yake.

Ƙananan abubuwa su suka fi rusa irin wannan zama. A guji Juma'a da rana, Lahadi da safe, da lokacin da magariba za ta faɗo a tsakiya. Wurin ya zama na kowa, kamar ajin makaranta ko zauren mai unguwa. Kada a yi addu'ar haɗin gwiwa, domin tana sa mutane cewa amin ga abin da ba su yarda da shi ba. Kowa ya yi tasa, ko a yi shiru na minti ɗaya. Takardun da aka buga ayoyi a kai a ƙirga su, a tattara bayan an tashi. Takarda mai ayar Alƙur'ani da aka tsinta a ƙasa ko a kwandon shara ta isa ta tayar da unguwa. Idan da abinci, a san wanda ya yi yankan, a kuma duba azumin kowa. Waya a aljihu: guntun bidiyo na daƙiƙa 30 da aka yanke aka watsa a WhatsApp zai iya jawo wa malami sunan ya sayar da addini.

Sai abu na ƙarshe, wanda Kaduna ta koyar da tsada. A ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu kan sanarwar zaman lafiya, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, Wuye ma ya rasa hannunsa a rikicin 1992. Wata uku bayan sa hannun, rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka fiye da 200 a garin. Takardar ba ƙarya ta faɗa ba, ba ta dai riga ta sauka cikin lunguna ba. Don haka kowane zaman karatu a ɗaura masa aiki guda da za a iya dubawa da ido kafin zama na gaba. Akwai abin koyi a Hilful Fudul, ƙawancen da aka ƙulla a Makka kafin annabci, a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, saboda wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman da aka hana kuɗin kayansa. Waɗanda suka ƙulla shi ba Musulmi ba ne, Annabi kuma ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci zai amsa.

Idan batun zaman awo ne, aikin a bayyane yake. Mutum biyu daga kowane ɓangare su sami sarkin kasuwa da shugaban 'yan awo, a amince da kwano ɗaya, a buga masa alama, a ajiye shi a rumfar da kowa zai iya zuwa ya gwada abin da aka auna masa. Ranar kasuwa ta gaba a zaga tare, a kifa kowane kwano a duba gindinsa.